Gidan da Na Saya da Farashi Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni Muttaka ɗan Malam Ilyasu, mai sayar da zare a kasuwar Ƙofar Wambai, nake rubuta wannan da hannuna yau Juma'a da hantsi, goma ga Sha'aban 1420, cikin Nuwamban 1999. Hankalina garau yake. Tun jiya da azahar ban haɗiyi ƙwayar likita mai sa barci ba, domin na san ba za a rasa wanda zai ce ciwo ne ya yi magana ba ni ba. Ƙafafuna ne suka kumbura, zuciya kuma likita ya ce ta gaji, amma na san rana, na san wata, na san abin da na mallaka da abin da ban mallaka ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce in rubuta. Ban kuma ba kowa alƙalami ya rubuta min ba, domin wanda ya rubuta maka sirrinka ya riga ya zama mai kaso a ciki.

Takardar ta mahaifiyarku ce, Hajiya Lauratu, da ku huɗu: Jibril, Rukayya, Naziru da Bahijja. Ku karanta ta har ƙarshe kafin kowa ya buɗe baki.

1. In Allah Ya karɓi abinSa, a gaggauta ni. Likkafanina yana ƙasan akwatin ƙarfe, mahaifiyarku ta san mabuɗin. Babu ɗan kasuwar da yake bi na ko kwabo, na tabbatar da haka tun watan jiya. Duk da haka za a zo. Na halarci zaman makoki da yawa a garin nan, na ga yadda mutum yake shigowa da jajayen idanu, ya fi 'ya'yan mamaci kuka, kwana bakwai ya dawo da maganar wasu dila biyu da marigayi ya karɓa. Ku ba shi ruwa, ku yi masa godiya, ku nemi shaidu biyu. Bashi ɗaya tak na sani a wuyana, kuma ba na ɗan Adam guda ba ne, zan zo kansa.

2. Gado Allah Ya riga Ya raba, ban isa in ƙara wa wani ko in rage wa wani ba. A kira malami ya raba, kada ya zama malamin da ɗayanku ya fi sabawa da shi. Shagon kasuwa Naziru ne yake zama a ciki, amma zama ba mallaka ba ne. A ƙirga kayan a gaban Rukayya da kanta, ba wakilinta ba. Ba don na taɓa kama Naziru da wani abu ba ne, ban taɓa ba, kuma na gwada shi fiye da yadda ya sani. Na faɗa ne domin wanda aka ƙirga a gabansa ba ya kwana da zargi a ransa. Littattafaina a kai makarantar allon unguwa. Karatun Bahijja kada ya tsaya, ko da za a taɓa jarin shago.

3. Yanzu maganar da ta sa na hana kaina magani. Ku buɗe kunne.

Gidan nan da muke ciki, wanda na saya bara a hannun Mamman, ba naira dubu ɗari huɗu na saye shi ba kamar yadda takardar rajista ta ce, kamar yadda kuma na gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas na biya, lakadan, rana ɗaya. Wannan iƙirarina ne, na kuma faɗe shi da bakina a gaban liman da na'ibinsa, sun sa hannu a ƙasa.

Kun san dalilin sayen. Shekara talatin da shida mahaifiyarku ta yi a ɗaki ɗaya da rumfa a gidanmu na gado, inda murhu tara yake a tsakar gida guda, ba ta taɓa ce min ta gaji ba. Na sayar da gonar babana ta bayan Ƙofar Dawanau, na haɗa da abin da na tara, don ta samu ƙofar da za ta rufe da hannunta. Ranar da muka tare na ga ta tsaya a tsakar gida tana juyawa, ta rasa inda za ta aje turmi saboda wuri ya yi mata yawa. Ban taɓa jin daɗin kashe kuɗi kamar ranar ba.

Dalilin ɓoyewar kuma ba zan ɗora wa kowa ba, ko da yake Musa dillali ne ya fara kawo shawarar. Ya lissafa min kuɗin hatimi, da na rajista, da na sa hannun gwamna, da harajin da yake wuyan mai sayarwa amma a ƙarshe mai saye yake ɗauka, duk a kan farashin da aka rubuta ake yanka su. Ya ce in an rubuta gaskiya zan ƙara zubar da sama da dubu ɗari biyu, ya ce kuma a birnin nan babu mai rubuta gaskiya sai wanda bai san gari ba. Ban yi masa gardama ba, don abin da raina yake so ya faɗa. A lokacin soja ne a kan mulki, na ce a raina kuɗin da zan ba su ba rijiya za su haƙa mana ba. Bayan haka akwai dangi. Da 'yan uwana sun ji miliyan, da kowane mai aurar da 'ya da kowane mai rufin ɗaki ya yi sansani a soron nan. Akwai ɓarayi, akwai kuma bakin mutane, wanda na fi tsoro fiye da ɓarayin. Tun ina yaro babana yake ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa na riƙe maganar har na wuce inda ya tsaya.

Musa ya ce a yi takarda ta biyu a ɓoye, mai ɗauke da farashin gaskiya, kowa ya riƙe kwafi. Na ƙi. Na ce takardar da take hannun mutum uku ta zama ta gari, kuma ban yarda in bar wa dillali igiyar da zai riƙa ja na da ita ba. Ya ce to a biya ta banki. Na ƙi, don a shekarar bankuna suna ta rufewa da kuɗin mutane, kuma yaran da suke bayan kanta 'ya'yan unguwa ne, suna da iyaye masu kunne. Da jaka biyu irin ta Gana-mas-go muka je, 'yan hamsin-hamsin, aka ƙulle soron Mamman. Mu huɗu ne: ni, da Mamman, da Musa, da Jibril wanda na ɗauko don shi malamin lissafi ne. Tun hantsi har la'asar ana ƙirga. Da aka gama aka miƙo takarda, Jibril ya karanta, ya ga dubu ɗari huɗu, ya aje biro. Cikin ladabi ya ce min ba zai iya sa hannu a kan abin da ba shi ya ƙirga ba, ya ce mutane suna mutuwa suna mantuwa, takarda ce take saura a tambaye ta. Ya kuma tambayi ko an nemi ɗan uwan Mamman. Na ji kunya a gaban dillali, na ce masa boko ne yake ɗibarsa. Mai unguwa aka kai wa washegari ya sa hannu, shi bai ga kuɗi ba, abin da aka rubuta ya gani.

Da dabarata na toshe duk wata kafa da gaskiya za ta bi ta fito, na kuma koma gida ina yaba wa kaina.

4. Maganar ɗan uwan Mamman ita ce wannan. Gidan na babansu ne, su biyu suka gada, Mamman da wansa Isyaku. Isyaku ya tafi Makka shekara ashirin da shida da suka wuce, bai dawo ba, Mamman ya ce min ko wasiƙa ba a samu, wataƙila ma ya mutu. Kason Mamman na saya, wato inda muke zaune. Kangon baya mai ƙofar langa-langa da na hana ku taɓawa shi ne aka ce na Isyaku. Amma alƙali bai taɓa zuwa ya raba gidan ba, da baki kawai aka ce nan naka nan nawa, Isyakun ma ba ya nan aka faɗa.

Wata guda bayan an rantsar da farar hula, mai unguwa ya kawo min wasiƙa daga Makka. Isyaku yana da rai. Ya ce zai dawo bayan aikin Hajji mai zuwa, kuma yana neman shufa'a: zai mayar min da dubu ɗari huɗun da na biya ya karɓi gidan ubansa.

Ban yarda da lauya ba, don haka na je wurin wani tsohon alƙali da muke sahu ɗaya a masallaci, na ce masa matsalar wani abokina ce a Zariya. Ya bayyana min cewa in mutum biyu suka yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗayan yana da haƙƙin ya biya abin da baren ya biya ya karɓe, kuma wanda yake nesa haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ya dawo. Na tambaya, in farashin takarda ba shi ne na gaskiya ba fa? Ya ce to abokin nawa ya ɗaure kansa da hannunsa, sai ya nemi abin da zai kwance shi. Da zan tashi ya ce in gai da mutumin Zariya, in ce masa ya riƙa ɗora ƙafafun nan a kan matashi.

Ku fahimci abin da yake gabanku. In aka tafi a kan takarda, za a miƙa muku dubu ɗari huɗu a ce ku kwashe kayanku. Kuɗin nan ba zai sayi ko shago a lungun nan ba. Gonar ta tafi, ɗakinmu na gidan gado ɗan wana ya sa amarya a ciki. Mahaifiyarku da Bahijja za su koma raɓe a gidan suruki ko haya a bayan gari. Na guje wa dubu ɗari biyu, ga shi ina shirin jawo muku asarar miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu.

Na aika wa Mamman a Rijiyar Lemo inda ya koma. Ya ce shi abin da yake takarda ya sani. Ban yi mamaki ba, domin shi ma dubu ɗari huɗun ya gaya wa iyalinsa, kuma ba zai so wansa ya ji nawa ya ci shi kaɗai ba. Musa kuwa ya ce shekaru sun sa shi mantuwa. Mutumin da ya karɓi la'adar dubu casa'in a hannuna, ya sayi babur sabo fil a makon, shi ne yau ba ya tunawa.

5. Tun ranar da wasiƙar ta zo ban sake kallon kowa da ido ɗaya ba. Wa ya kai labari Makka, har da farashi? Na zargi Musa, na ce an saye shi. Na zargi mai unguwa. Na zargi mijin Rukayya, Sabo, don yana da abokai a ofisoshi. Na zargi maƙwabcinmu na yamma wanda ya so gidan na riga shi. Har mahaifiyarku na tsare da tambaya ko ta yi zancen a gidan biki, matar da ba ta ma san gaskiyar kuɗin ba. A ƙarshe zargina ya tsaya a kan Jibril. Shi ya ƙi sa hannu, shi ya ambaci Isyaku, na kuma ji an ce ya taɓa tambayar dangin Mamman ko akwai mai adireshin Isyakun. Na ce ya yi ne don ya nuna min karatunsa ya fi wayona.

Kuna wurin, ba sai na maimaita abin da na faɗa masa ba. Na ce kada ya sake taka min soro. Ya durƙusa, ya ɗauki takalmansa ya fita. Wata biyar ke nan. Na san buhun shinkafar da Naziru yake shigowa da shi duk ƙarshen wata yana cewa daga shago ne, ba daga shago ba ne. Na san kuma wanda yake tsayawa a bakin lungu ranar Juma'a har sai ya ga an shigar da ni mota.

Wata guda da ya wuce wani ɗan Umara ya kawo kaset daga Isyaku, ya ce saƙo ne na baki. Na sa kowa ya fita, na kunna. Ban kai ga fahimtar maganar ba na gane muryar.

A Hajjin da na yi bayan sayen gidan, don in gode wa Allah, bayan mun sauko daga Mina, wani dattijo mai furfura ya zo masaukinmu da la'asar, da kwanon tuwo da miyar kuka, tare da mutum biyu. 'Yan ɗakinmu suka ce Baba Tela ne, cikin takari, Bakano ne da ya daɗe a can, yana son jin labarin gida. Ya tambayi ganuwa, ya tambayi ko rijiyar masallacinmu tana nan, har ya yi ƙwalla. Ni da ba na sakin jiki da kowa a Kano, a can na saki, don na ɗauka a Makka babu mai zuwa da wata manufa. Ya ce yana mafarkin komawa, ko nawa gida yake yanzu a wajen Ƙofar Wambai? Na ce ai ni ma na sayi ɗaya bara. Ya ce nawa? Bakina ya riga ya saba, na ce dubu ɗari huɗu. Ya yi mamakin araha, ya ce anya? Na ce wallahi. Ta tagar ɗakin ana hango hasumiyar Harami.

Shi ne Isyaku. Ya ji labarin cinikin a bakin alhazai, ya zo ya ji farashi daga bakin mai shi, ya kuma zo da shaidunsa. A kaset ɗin bai zage ni ba, tuna min kawai ya yi cewa na rantse.

Babu wanda ya tona min asiri, ni na ɗauki maganar na kai har inda take. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya a wancan lokacin, da na gane cewa Jibril in zai faɗa, gaskiyar zai faɗa, ba ƙaryar da ya ƙi sa wa hannu ba. Na tambayi malamai kaffarar rantsuwar, suka ce irin wannan ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da gyara abin da ta ɓata. Tsoron wannan ya fi kumburin ƙafa hana ni sukuni.

6. Ga abin da za a yi, kuma a yi shi kafin Isyaku ya sauka. A sayar da fijo ɗina. A ɗauki takardun gidan da wannan iƙirari a je ofishin filaye, a ce an zo gyara farashi. A biya cikon harajin duka, da duk tarar da za su yanka, a karɓo rasit mai hatimi, a yi masa kwafi huɗu, kowannenku ya riƙe ɗaya. Wannan shi ne bashin da na ce yana wuyana, a fitar da shi kafin a raba ko allura. Tsohon alƙalin ya ce babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a hannunku, domin ba a taɓa ganin Bakano ya kai kansa ya biya haraji a kan kuɗin da bai kashe ba. Ba alkawari ya yi min cewa za ku yi nasara ba, cewa ya yi wannan ce ƙofar da ta rage.

Sau biyu na sa Naziru ya kai ni ofishin, na ce masa wani aiki zan yi. Na farko na hango ɗan wani abokin kasuwata a bakin ƙofa, na ce mu juya. Na biyu har na hau matakala uku, na tuna sai na faɗi maganar a gaban akawu da duk wanda yake layi, na ce jiri nake ji. Ba jiri ba ne.

Sannan ranar sadakar uku, in soro ya cika, bayan addu'a, a tashi a karanta lamba ta uku da ƙarfi a gaban mai unguwa da liman da 'yan uwana. A kira Musa ya zauna a gaba, a kalli fuskarsa. 'Yan uwana za su ce ashe Muttaka yana da miliyan ya hana mu dubu biyar. Za a yi da ni a majalisa har a gaji. Ku bar su, gaskiya suka faɗa, ni kuma a lokacin ina da abin da ya fi wannan damuna.

7. Za a kawo muku hanya mai sauƙi, kada ku bi. Tun da farar hula suka dawo kowa ya zama mai hanya. Da, mutum ɗaya ake tsoro, yanzu kowane lungu da shugaban matasa, kowane shugaba da wanda ya sani a sama. Sabo ya riga ya zo min da maganar wani na kusa da kansila, wai zai iya sa fayil ya ɓace a buɗe sabo. Rukayya, mijinki ba mugu ba ne, na san don ya taimaka ya faɗa, amma bai tambayi kansa abin da mutumin zai nema daga baya ba. Wanda ya iya ɓatar maka da fayil ya iya nemo shi ranar da kuka ɓata. Na lura kuma mutumin ya tambayi faɗin soronmu sau biyu, ga shi ana ta neman ofishin jam'iyya a bakin titi. Ana ta raɗe-raɗin za a sake duba takardun filayen da aka yi a zamanin soja, ban san gaskiyarsa ba, amma in ya tabbata gara a same ku kun riga kun kai kanku.

Kada kowa ya sa hannu a farar takarda. Kada a ba da takardun asali ga kowa ya tafi da su, ko da a ce minti biyar ne. In lauya ya zama dole, a yi ciniki da shi tun farko a gaban mutum biyu. In Musa ya dawo ya ce tunaninsa ya dawo amma babur ɗinsa yana son gyara, kada a ba shi ko sisi, domin shaidar da aka saya ta fi rashin shaida haɗari.

8. Isyaku ba abokin gabarku ba ne. Na yi kwanaki ina tsine wa tuwon nan nasa, amma in na cire son rai, mutum ne ya zo neman gidan da aka haife shi, ya tambaye ni, ni na yi masa ƙarya. In ya sauka ku je ku yi masa sannu da zuwa kafin ya aiko. Ku ba shi mabuɗin kangonsa, ku nuna masa rasit, ku ce na nemi gafararsa a kan rantsuwar. In ya yarda, a kira alƙali ya raba gidan da igiya, a ja katanga, a zauna lafiya. In kuma ya kawo miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da kuɗin gyaran da na yi, haƙƙinsa ne, ku karɓa ku saya wa mahaifiyarku wani a cikin birni. Ban zaci tela yana da wannan kuɗin ba, amma ku bincika ko akwai mai kuɗin da ya tsaya a bayansa yana son lungun. A ƙirga a gaban shaidu, kuma wannan karon a rubuta abin da aka ƙirga.

9. Kada ku ce tunda Baba ya ƙone, sai mu riƙa shelar abin hannunmu. Har gobe ina nan a kan cewa abin da ka saya da abin da ka sayar ba zancen majalisa ba ne. In an tambaye ku nawa, ku ce Allah Ya sa albarka, ku canza zance, babu wanda zai kai ku ƙara a kan shiru. Kuskurena shi ne na maye gurbin shirun da wani adadi, na rubuta shi, na maimaita shi har ya zauna a bakina. Mutum uku ba a ɓoye musu farashi: takarda, da alƙali, da wanda zai gaje ka. Hajiya, ke ce ta farko da ya kamata ki sani, a nan kike fara ji. Ki yafe min.

10. Jibril. Kai na naɗa wasiyyina, kai za ka riƙe takardu, kai za ka je ofishin, kai za ka karanta a soro. Alƙali ba zai karɓi shaidarka ba don kai ɗa ne kuma magaji, na sani. Amma a cikin mu huɗun da muka zauna a soron Mamman kai kaɗai ne za ka iya faɗin adadin ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Na zalunce ka a gaban uwarka da ƙannenka. Wata guda ke nan da na san haka, kullum sai in ce gobe zan aika, goben ta zo in kasa. Na shirya in bar maganar a cikin ambulan, ka ji ta bayan an binne ni, lokacin da ba sai na haɗa ido da kai ba. Da na zo nan a rubutun na ga wannan ma wata ɓoyewar ce, kuma a kan ɓoyewa aka kawo inda ake. Saboda haka ba za a jira mutuwata ba. Liman zai ba ka kwafin nan hannu da hannu yau bayan an sauko daga masallaci, na gaya masa inda kake tsayawa.

Allah Ya yi muku albarka, ku huɗu da abin da kuka haifa. Allah Ya rufa muku asiri rufin da babu ƙarya a ƙarƙashinsa. Ku riƙe mahaifiyarku, kada ta nemi abu sau biyu. Ku riƙe juna, kowa ya ji zafin wani ya je ya same shi ya tambaya kafin ya yanke hukunci, kada ku gaji halina a nan. Duk inda shari'ar gidan nan ta faɗi, kada ta raba ku, ko a ɗaki ɗaya ne ku taru ranar Sallah ku ci a kwano guda. Na yafe wa kowannenku, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Jibril, in takardar ta same ni da sauran numfashi, ka shigo kai tsaye, ba sai ka yi sallama a soro ka jira izini ba. Litinin da safe ka zo da wuri. Matakalar ofishin goma sha ɗaya ce, ƙafafuna ba za su hau ba sai an riƙe ni, kuma in na ce maka jiri nake ji mu juya, kada ka yarda.

Muttaka Ilyasu, Ƙofar Wambai, Kano.